Laba Biyu Masu Suna Ɗaya: Juya Awon Ƙarfi da na Mas a Tsarin Ingila

Tsarin awon da Ingila ta gada kaka da kakanni, wanda majalisar dokokinta ta tsara a shekarar 1824 kafin ya bazu zuwa ƙasashen da ta mulka, yana da wani ƙulli da ba ya damun mai saye da sayarwa a kasuwa, amma yakan ɗaure wa ɗalibin kimiyya kai, wani lokaci ma ya jefa ƙwararren injiniya cikin asara. Ƙullin kuwa shi ne, laba, wadda ita ce ginshiƙin awon nauyi a wannan tsari, tana auna abubuwa biyu da suka sha bamban, kuma sau da yawa ana rubuta ta ba tare da an fayyace wanne ake nufi ba. Mafi yawan ƙasashen duniya sun koma tsarin mita da kilo, Nijeriya ma ta bi sahu a shekarun 1970, Nijar kuwa tun zamanin Faransa da kilo ta saba, amma hakan bai kashe laba ba, domin Amurka tana aiki da ita har gobe, kuma injuna, jiragen sama, kayan haƙar man fetur da littattafan koyon sana'a da ke fitowa daga can duk da ita suke zuwa.

Abu na farko da laba ke aunawa shi ne abin da masana kimiyya ke kira mas, wato yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya raguwa ko ina aka kai jikin, kuma shi ne ke sa abu ya yi wuyar turawa idan yana tsaye, ya yi wuyar tsayarwa idan yana gudu. Abu na biyu shi ne ƙarfi, wato turi ko jan da ke sa abu ya motsa, ya tsaya, ya ƙara gudu ko ya sauya hanya. Nauyin da mutum ke ji a kafaɗarsa idan ya saɓi buhu nau'i ne na ƙarfi, domin ba komai ba ne illa jan da duniya ke yi wa buhun zuwa ƙasa. Isaac Newton ne ya ɗaure waɗannan biyu da ƙa'ida guda a littafinsa na shekarar 1687, kuma a yadda ake koyar da ƙa'idar a yau, ƙarfi daidai yake da mas idan aka ninka shi da ƙaruwar gudu, wato yawan saurin da abu ke ƙarawa a kowane sakan. Duk abin da aka saki daga sama, idan iska ba ta tare shi ba, yana ƙara gudun kimanin ƙafa 32 a sakan cikin kowane sakan na faɗuwarsa, kuma wannan lamba ita ce gadar da ke tsakanin labar mas da labar ƙarfi.

Da jan duniya ɗaya ne a ko'ina, da bambancin ya tsaya a cikin littafi, to amma ba ɗaya ba ne. A shekarar 1672 wani masanin taurari Bafaranshe, Jean Richer, ya lura cewa agogonsa mai lilo, wanda aka saita a Faris, yana yin latti da kimanin minti biyu da rabi kowace rana a Kayen, wani gari na Kudancin Amurka da ke kusa da layin da ya raba duniya biyu, kuma daga baya aka tabbatar cewa raunin jan duniya a wurin ne sanadi. Ƙaruwar gudun abin da ke faɗuwa mita 9.78 ce a kan wannan layi, a ƙuryar arewa da ta kudu kuwa takan kai mita 9.83, bambancin da ya kai kusan kashi biyar cikin dubu. A nan ne irin sikelin da aka yi awo da shi ke da muhimmanci. Sikeli mai faranti biyu, wanda ake ɗora kaya a gefe guda da duwatsun awo a ɗaya gefen, mas yake kwatantawa, saboda duk raunin da jan duniya ya yi zai shafi ɓangarorin biyu daidai wa daida. Shi kuwa sikeli mai sifirin, irin wanda ake rataya kaya a ƙugiyarsa, ƙarfi yake aunawa ko da an rubuta laba ko kilo a fuskarsa. Idan aka saita irin wannan sikeli a Landan aka kawo shi Kano ba tare da sabon saiti ba, zai rage kimanin laba 7 a kowane tan, a duniyar wata kuwa buhu mai laba 110 zai nuna laba 18 kacal, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta zube daga cikinsa ba.

Labar mas, wadda ake yi wa alamar lb, ita ce ta kasuwa, kuma tana da oza 16, ko kuma ƙwaya 7,000, ƙwaya kuwa ƙaramin awo ne da aka samo asalinsa daga nauyin ƙwayar sha'ir. Tsawon zamani ma'anar laba tana rataye ne a kan wani dunƙulen ƙarfe da hukuma ke ajiyewa, kuma da gobara ta cinye ginin majalisar dokokin Ingila a 1834 sai ma'aunan asali suka salwanta, aka ɗauki shekaru ana aikin ƙera sababbi, har doka ta amince da sabon dunƙulen filatinam a 1855. Da yake labar Ingila da ta Amurka sun ɗan saɓa a ƙananan lambobi, abin da ya riƙa kawo cikas ga masana'antu masu buƙatar awo na ƙwaƙƙwafi, sai ƙasashe shida, wato Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, suka yi yarjejeniya a 1959 cewa laba ɗaya daidai take da kilogiram 0.45359237, babu ragi babu ƙari, yadi ɗaya kuma mita 0.9144. Tun daga lokacin laba ba ta da wata ma'ana tata ta kanta, a jikin kilo take jingine, kuma da aka sake fasalin ma'anar kilogiram a watan Mayu na 2019 ita ma ta bi shi ba tare da an taɓa ta ba. Don haka juya laba zuwa kilo ninkawa ne da 0.4536, juya kilo zuwa laba kuma ninkawa da 2.2046.

Manyan awo sun fi rikitarwa, domin a nan Ingila da Amurka suka raba gari. Siton laba 14 ne, kuma har yanzu da shi Turawan Ingila ke faɗin nauyin jikinsu, ta yadda mai siton 11 laba 154 ke nan, kusan kilo 70. Siton takwas su ne awon da suke kira na ɗari, wanda duk da sunansa laba 112 ne, kuma ashirin ɗinsa su ne babban tan mai laba 2,240, wato kilo 1,016. Amurkawa ba su ɗauki siton ba, sun mai da awon ɗari laba 100 cif, saboda haka ƙaramin tan nasu laba 2,000 ne, kilo 907, shi kuwa tan na tsarin mita kilo 1,000 ne, laba 2,205. Tan uku ke nan masu suna ɗaya, kuma babban tan 100 daidai yake da ƙaramin tan 112. Gyada da audugar da aka riƙa lodawa a jirgin ƙasa daga Kano zuwa Legas a zamanin mulkin mallaka da babban tan aka ƙididdige su, saboda haka mai nazarin tarihin dalar gyada da zai kwatanta alƙaluman wancan zamani da na yau sai ya ƙara kashi 1.6 cikin ɗari kafin kwatancen ya yi daidai.

Akwai kuma awon zinariya da azurfa, wanda ake kira turoyi, da ke tafiya a kan tasa hanyar: labarsa oza 12 ce, ƙwaya 5,760, wato giram 373, amma ozarsa giram 31.10 ce, ta fi ozar kasuwa mai giram 28.35. Sakamakon haka ozar zinariya ta fi ozar auduga nauyi, labar auduga kuma ta fi labar zinariya. An daɗe da daina aiki da labar turoyi, amma farashin zinariya da ake sanarwa a kasuwannin duniya kullum na ozar turoyi ne.

Labar ƙarfi, mai alamar lbf, ita ce ƙarfin da duniya ke jan labar mas ɗaya da shi. Tun da an ga cewa wannan ja yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, ma'anar ba za ta tsayu ba sai an zaɓi lamba guda an tsayar da ita, kuma hakan aka yi a babban taron awo na ƙasa da ƙasa karo na uku a 1901, inda aka amince da mita 9.80665 a matsayin daidaitacciyar ƙaruwar gudu, wadda idan aka raba ta da 0.3048, tsawon ƙafa ɗaya a mita, take ba da ƙafa 32.174. Daga nan lissafin a buɗe yake. A tsarin mita ana auna ƙarfi da niyuton, wato ƙarfin da ke ƙara wa kilogiram ɗaya gudun mita ɗaya a sakan cikin kowane sakan, saboda haka idan aka ninka 0.45359237 da 9.80665 za a sami 4.448, kuma wannan shi ne yawan niyuton da ke cikin labar ƙarfi ɗaya. Amfanin wannan tsari a bayyane yake, kuma bai kamata a raina shi ba: a doron ƙasa, kaya mai labar mas 500 yana danna abin da ke ƙarƙashinsa da labar ƙarfi 500 ko abin da ya yi kusa da haka ƙwarai, don haka magini da mai ƙera gada ba sa buƙatar wani juyi kafin su san abin da ginshiƙi zai ɗauka. Wannan sauƙi ne ya sa tsarin ya daɗe, kuma shi ne ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa labar guda ɗaya ce.

Matsalar tana tasowa ne da zarar abu ya fara motsi. Idan aka saka labar mas da ƙafa da sakan cikin ƙa'idar Newton, amsar da ke fitowa ba labar ƙarfi ba ce, awon da take fitowa da shi ya gaza ta sau 32.174, domin labar ƙarfi ɗaya tana ƙara wa labar mas ɗaya gudun ƙafa 32.174 ne, ba ƙafa ɗaya ba. Masana sun bi hanyoyi uku wajen ɗinke wannan ɓaraka, kuma rashin sanin wadda marubuci ya bi shi ne tushen yawancin kurakuran ɗalibai. Hanya ta farko, wadda ta fito a ƙarshen ƙarni na 19, ita ce a bar laba a matsayin mas a ƙirƙiro sabon awon ƙarfi mai suna fawundal, wato ƙarfin da ke ƙara wa laba ɗaya gudun ƙafa ɗaya a sakan cikin kowane sakan. Ƙaramin awo ne, niyuton 0.138, kuma sai an tara 32.174 nasa ake samun labar ƙarfi ɗaya. Hanya ta biyu, ta farkon ƙarni na 20, ta juya lamarin: ta bar laba a matsayin ƙarfi ta ƙirƙiro sabon awon mas mai suna sulog, wato mas ɗin da labar ƙarfi ɗaya ke ƙara wa gudun ƙafa ɗaya, kuma shi babba ne, laba 32.174 ko kilo 14.59. Hanya ta uku, wadda injiniyoyin Amurka da yawa suka fi so, ita ce a riƙe labobin biyu duka, sannan a raba amsa da 32.174 a duk lokacin da aka yi aiki da ƙa'idar.

Misali ɗaya ya isa ya nuna cewa hanyoyin uku gida ɗaya suke kaiwa. A ɗauki mota mai laba 3,220, wadda ake so ta riƙa ƙara gudun ƙafa 5 a sakan cikin kowane sakan. Mai bin hanya ta farko zai ninka 3,220 da 5 ya sami fawundal 16,100. Mai bin ta biyu zai fara raba 3,220 da 32.174 ya sami sulog 100, sannan ya ninka da 5 ya sami labar ƙarfi 500. Mai bin ta uku zai ninka ya sami 16,100, ya raba da 32.174, shi ma ya sauka a kan 500. Wanda ya zaɓi tsarin mita zai ce motar kilo 1,461 ce, ƙaruwar gudun mita 1.524 ce, ƙarfin kuma kimanin niyuton 2,226, wanda idan aka raba shi da 4.448 ya koma 500 ɗin nan. Haɗarin yana ga wanda ya ninka 3,220 da 5 ya rubuta laba 16,100 ya tashi, domin ya nemi ƙarfin da ya ninka abin da ake buƙata sau 32, har ya zarce nauyin motar kanta sau biyar. Cikin hanyoyin, ta sulog ta fi tsafta ga mai lissafin motsi, fawundal kuwa kusan ya ɓace daga aiki, sai a tsofaffin littattafai ake cin karo da shi. Adalci ne kuma a faɗi cewa tsarin mita ma ya yi fama da irin wannan cuta, domin an daɗe ana aiki da kilon ƙarfi, mai niyuton 9.80665, kafin a tabbatar da sunan niyuton a 1948 a kuma kafa tsarin awo na duniya a 1960, kuma har yanzu ana ganinsa a jikin tsofaffin geji.

Labar ƙarfi ta fi kusa da rayuwar yau da kullum fiye da yadda ake zato, sai dai a ɓoye take cikin wasu awo. Mai faci da ke bakin titi, idan ya danna gejinsa a bakin taya ya ce talatin da biyu, abin da yake faɗa shi ne iskar da ke ciki tana tura kowane murabba'in inci na bangon tayar da labar ƙarfi 32, awon da ake rubutawa psi, wanda ɗayansa kilofaskal 6.895 ne a tsarin mita, ta yadda 32 ɗin ta zama kimanin kilofaskal 221, ko 2.2 a awon da ake kira bar a gejin da aka yi a Turai. Daga wannan lamba ana iya gano abin mamaki: motar nan mai laba 3,220, idan aka raba nauyinta da 32, tana tsaye ne a kan murabba'in inci 100 ko kusa da haka, wato 25 a kowace taya, fili kamar tafin hannun babban mutum, kuma shi ya sa taya mai ƙarancin iska ke bajewa a kwalta, tana neman ƙarin filin da zai ɗauki nauyin. Haka nan bakanike mai ɗaure noti da sifana mai awo yana aiki da labar ƙarfi da aka ninka da ƙafa, wadda ɗayarta niyuton-mita 1.356 ce, saboda haka 80 a littafin Amurka 108 ce a littafin Japan ko Jamus, kuma wanda ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya ko dai ya bar noti sako-sako ko ya tsinke shi. Ƙarfin doki ma, da ake faɗin girman injin ban-ruwa da shi, daga nan ya fito, domin James Watt ya ƙayyade shi a kan ɗaga laba 550 tsawon ƙafa ɗaya cikin sakan guda, wato kimanin wat 746.

Abubuwa biyu da suka faru a Arewacin Amurka sun nuna tsadar sakaci da wannan juyi. Ranar 23 ga Yulin 1983 jirgin Boeing 767 na kamfanin Air Canada, da ya taso daga Montiriyal zai je Edmonton, ya ƙare da mai yana ƙafa 41,000 a sama. Gejin mansa ba ya aiki a ranar, sai aka auna man da sanda aka sami yawansa a lita, amma wajen juya lita zuwa nauyi aka ninka da 1.77, wanda awon laba ne, maimakon kimanin 0.8 na kilo, alhali wannan sabon jirgi da kilo yake aiki. Ana buƙatar kilo 22,300, sai aka tashi da laba 22,300, abin da bai kai rabi ba. Ƙwarewar matuƙan ce ta sa suka sauke jirgin ba inji a wani tsohon filin sojan sama da ke Gimli, kuma dukkan mutane 69 da ke ciki suka tsira da rayukansu.

Na biyun ya shafi ƙarfi kai tsaye. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba kumbon Mars Climate Orbiter ranar 11 ga Disamban 1998 domin nazarin yanayin duniyar Mars. A tsawon tafiyar, ƙananan injunan da ke daidaita tsayuwar kumbon sukan yi ɗan turi lokaci-lokaci, kuma dole ne a lissafa kowane turi domin a san ainihin hanyar da yake bi. Manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta tana ba da wannan turi da labar ƙarfi a ninke da sakan, ita kuwa manhajar masu jagorar kumbon tana karɓar lambobin a matsayin niyuton a ninke da sakan, don haka kowane turi an ƙididdige shi ƙasa da girmansa sau 4.45. Babu turi ɗaya da ya isa ya yi ɓarna, amma kuskuren ya yi ta taruwa fiye da wata tara, har ranar 23 ga Satumban 1999, lokacin da kumbon da aka tsara zai wuce a nisan kimanin kilomita 226 daga doron Mars ya kutsa zuwa kimanin kilomita 57, ya shiga iska mai kauri, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An ƙiyasta kuɗin kumbon a kan dala miliyan 125. Abin da ya fi ciwo a lamarin shi ne babu lissafin da aka yi ba daidai ba a ko wane ɓangare. Lambobi ne suka wuce daga hannu zuwa hannu tsirara, ba tare da sunan awonsu ba.

Kwalejojin fasaha da wuraren koyon sana'a da suka daina koyar da waɗannan awo, bisa hujjar cewa ƙasa ta koma kilo, suna yaye ɗaliban da za su tarar da su a farantin jikin inji tun ranar farko ta aiki. Ya kamata a mayar da su cikin darasi, ko da na mako ɗaya ne, tare da lambobin nan uku, 0.4536 da 4.448 da 32.174. Shi kuma mai sayen jak, sarƙar ɗaga kaya ko injin da ya fito daga Amurka, ya duba farantin jikinsa ya tabbatar ko lb aka rubuta ko lbf, ya kuma tambayi wane tan ake nufi kafin ya ɗora masa kaya, domin sarƙar da aka rubuta wa tan 10 a can kilo 9,072 aka yi ta ta ɗauka, ba 10,000 ba.